Ɓeran da Ya Ci Ajiyar Alhaji

Hannun daman ɗana ba ya dunƙulewa yanzu. Da shi nake farawa duk sanda wani ya zo min da zancen haƙuri. Sai in kira Dogo ya miƙa hannun, in ce wa mai wa'azin ya dubi tafin da kyau, ya ga inda fatar ta tattare kamar ledar da ta taɓa wuta, sannan in yana da sauran magana ya ci gaba. Yawancinsu a nan suke tuna suna da wani uzuri.

Gidan burodi gare ni. Ba wani babba ba ne. Tanda ɗaya ce ta bulo da mijina ya gina, sai injin kwaɓa, sai dogon tebur, sai gwangwanayen gashi da suka yi baƙi tun Dogo yana goye. Da maigidan ya rasu ya bar min tanda da 'ya'ya, bai bar min ko rabin buhun fulawa ba. Aka ce in je banki. Na ɗaura zanena mai kyau na je. Wata yarinya mai jan baki ta tambaye ni takardar gida, na ce haya nake. Ta tambayi takardar da ke nuna shigar kuɗi da fitarsu, na ce nawa kuɗin a haɓar zane suke shiga, a nan kuma suke fita. Ta ce to ko na iya sa hannu, na miƙa mata babban yatsa. Ta ce in dawo in na shirya. Har yau ban shirya ba.

Wanda ya tsayar da ni da ƙafafuna Alhaji Mai Fulawa ne, kuma dole in yi bayanin halinsa, in ba haka ba ba za a gane abin da ya same mu ba. Tun kafin in san shi, wani amininsa ya kwashi kayansa bashi, mota guda cur, ya ɓace da su. Saura ƙiris Alhaji ya koma dako. Ranar da ya tabbatar an cuce shi, ya tsaya a tsakiyar layin 'yan fulawa ya rantse a gaban kowa, shi da bashi har abada, ko da uwarsa ce ta tashi daga kabari ta zo da kwano. Ya sa aka rubuta a jikin ƙofar shagon da jan fenti. Ni ban iya karatu ba, amma ko akuyar layin ta san abin da ke rubuce a wurin.

Na je masa da ɗan abin da na tara, wanda bai kai kuɗin buhu ba. Ya tambaye ni nawa tandar take ci a mako, na faɗa. Ya ɗaga kai yana kallon rufin shagon kamar yana neman inda yake yoyo. Can ya ce, “Ni ba na ba da bashi, kin dai sani. Amma shagon nan ya yi min kaɗan. Ki taimaka ki ajiye min 'yan buhuna a wajenki.”

Na ce masa, Alhaji, gidan burodi ai ba ya rabuwa da ɓera.

Ya ce, “In ɓera ya ci, sai ki biya wa ɓeran.”

To haka muka ɗore. Fulawa ta zo, mu kwaɓa, mu gasa, in raba wa masu shayi da masu shaguna, su ma sai sun sayar su biya ni, ni kuma in ƙulle nasa a ƙyalle in kai masa ƙarshen mako. In na shiga shagon sai in ce, Alhaji, ɓera ya ci ajiyarka. Shi kuma ya buɗe tafin hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce a biya wa ɓera. Kafin in isa gida motarsa ta riga ni da sabuwar ajiya. Daga baya sukari ya shiga ajiya, bota ma ta shiga. Lokacin da aka yi wa matar Dogo aiki wajen haihuwa na zo masa da rabin kuɗi, ya ce ɓeran ba shi da lafiya, a bar shi ya murmure. Babu takarda, babu kuɗin ruwa, babu shaida. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada maganar ta fita, saboda rantsuwarsa.

Kada wani ya ɗauka sadaka yake min. Ina kwashe masa kaya kafin ƙwari su shiga, kuma tsawon shekarun nan ban taɓa leƙa ƙofar wani ɗan fulawa ba, ko da nasa ya fi araha. Shi ya ci, ni na ci. Da ajiyar nan na aurar da 'ya'yana mata, da ita mutanen da ke tsaye a teburina suke ciyar da gidajensu.

Sai ciwo ya kayar da Alhaji, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kira babban ɗansa daga wani gari ya zo ya riƙe shago. Yaran shago suka sa masa Manaja, saboda tarin makullan da yake kaɗawa a yatsa. Abin da ya sani game da ubansa shi ne abin da ke rubuce a ƙofa. Daga baya Hajiya, uwargidan Alhaji, ta gaya min cewa tsohon ya yi ta jawo rigar ɗan yana maimaita kalma biyu, ajiya, gidan burodi, ajiya, gidan burodi. Nufinsa kada a yanke min kaya. Shi kuma mai makullai ya ji cewa ubansa yana da dukiya a hannun wata tsohuwa, a je a karɓo.

Da hantsi suka zo, gashin farko yana cikin tanda. Na ji tsayuwar motar na ɗauka fulawa ce. Ina can ƙarshen tebur hannuna cikin kwaɓi, Dogo yana bakin tanda riƙe da dogon shebur ɗin katakon da muke zaro gwangwani da shi. Manaja ya shigo da wasu ƙarti da ban taɓa gani a shagon ba. Ba 'yan dako ba ne, na san 'yan dakon Alhaji har da sunayen matansu. Waɗannan idonsu ja, ɗaya da sarƙar babur a naɗe a hannu. Ya yi sallama da rabin baki, ya ce ya zo kwasar ajiyar mahaifinsa. Ya leƙa ɗakin kaya ya ga buhuna a ninke babu komai, sai guda biyu a jingine. Ya tambaya ina sauran.

Dogo, Allah sarki, ya ɗauka ɗan gida ne, ya san wasan gida. Ya yi dariya, ya goge gumi da kafaɗa, ya ce, “Ai ɓera ya ci, yallaɓai.”

Ƙarar marin har waje. Dogo mutum ne mai mata da 'ya'ya, ba wanda ya taɓa marinsa sai ni. Ya tsaya yana kallon Manaja baki buɗe, bai ma gane ba. Manaja ya ce ubansa yana kwance rai a hannun Allah, mu kuma mun cinye masa dukiya har muna yi masa ba'a. Na taso ina cewa ɗan nan tsaya ka ji, tsaya in gaya maka. Ban kai ga rabin tebur ba mai sarƙar ya zabga wa Dogo ita a gadon baya, rigar ta tsage, jini ya biyo. Wani ya ɗauki faskaren itace daga gindin tanda ya sauke masa a gwiwa. Ya durƙusa. Suka rufe shi da ƙafa, ciki da haƙarƙari da fuska, yana kare kansa da hannu yana cewa Inna ki gaya musu, Inna ki gaya musu. Ma'aikatana suka watse ta ƙofar baya, ban ga laifinsu ba.

Na ɗauki shebur ɗin da ya faɗi na kwaɗa wa mai sarƙar a ƙeya da duk ƙarfin da tsufa ya bar min. Ya juyo ya ɗauke ni da mari a kunnen hagu, na ji wani abu ya fashe a ciki kamar an huda balan-balan. Na faɗa kan tebur, gwangwanaye suka zubo a kaina, haƙorina na gaba ya tsaya a cikin kwaɓi. Daga nan ƙasa nake kallo lokacin da Manaja ya ce a tambaye shi inda muka ɓoye kayan. Mutum biyu suka ja Dogo zuwa tanda, suka kama hannunsa na dama suka manna tafin a jikin murfin ƙarfe. Tandar da take cin wuta tun asuba. Na san warin burodin da ya ƙone, na san warin ƙonannen gashin kai, wannan warin ban san shi ba sai ranar. Ihun da ya yi ba na mutum ba ne. Suka sake tambaya, ya ce wallahi mun gasa, mun sayar, kuɗin na nan zuwa. Suka sake mannawa.

Da suka gaji suka kwance injin kwaɓa suka ɗora a mota, da buhuna biyun nan, har da sikeli. Unguwa ta cika a ƙofa ana kallo. Manaja ya tsaya a kan dakalina, dakalin da mijina ya gina, ya nuna ni da makullansa ya ce kowa ya shaida, tsohuwar nan ɓarauniya ce, an ba ta amana ta cinye. Burodin da ke cikin tanda ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya yi ta fita har la'asar.

A asibiti suka ce jijiyoyin hannun Dogo sun taɓu. Na bar matarsa a wajensa na fito neman fulawa, don tanda in ta huce ba cikinmu kaɗai ke hucewa ba. Layin 'yan fulawa kaf na bi. Wanda a da yake min tayi da farashi mai sauƙi ya ce kuɗi hannu, Iya, kuɗi hannu. Wani ya sa yaronsa ya tsaya a kan buhuna har na wuce. Masu shayin da nake bi kuɗi suka fara cewa gobe, don wa zai yi saurin biyan ɓarauniya. Nan na gane abin da yaron nan ya kwashe a mota ba inji ba ne. Ni ba ni da takardar gida, ba ni da asusu. Sunana ne jinginata, da shi nake karɓar kaya, kuma shi ya tsaya a kan dakali ya yaga.

Na je wajen 'yan sanda na tarar Manaja ya riga ni. Suka ce ina takardar bashin. Na ce babu. Suka ce to ajiya ce ko bashi. Na ce ajiya ce a baki, bashi ne a aiki. Mai rubutun ya ajiye biro ya ce, Mama, ki je ki gode Allah ba a rufe ki ba. Na je wajen shugabannin kasuwa, suka ce duk suna tsaye ranar da Alhaji ya rantse, mutumin da bai ba uwarsa bashi ba ni ce wa. A cikinsu akwai wani mai gidan burodi da na sha ganin motar Alhaji a ƙofarsa. Na tsare shi da ido na ce, kai ba ka da ɓera a gidanka? Ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi. Yana da hannu biyu, yana so ya ci gaba da zama da su.

Na riƙe wa Alhaji sirrinsa shekara da shekaru. Amma sirrin da ya soya hannun ɗana ya gama zama sirri. Na sayar da 'yan kunnena da shimfiɗar gadona, na bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya ina zama a kan bencinsu ina kallon kwastomominsu har su biya, na haɗa kuɗin makon nan cif, na ƙulle a ƙyallen da na saba. Ranar da aka sallami Dogo ban bar shi ya shiga gida ba. Na ce mu je. Na riƙe shebur ɗin a matsayin sanda.

Mai gadin gidan Alhaji ya ce Manaja ya hana kowa shiga. Na ce ya matsa. Ya sa hannu a ƙirjina, na soka masa ƙotar shebur a ciki, ya naɗe a ƙasa yana neman numfashi. Ban ji daɗi ba, ban kuma tsaya ba.

Ɗakin yana warin man zafi. Alhaji yana kwance a katifa an tokare shi da matasai, ya rame, ɓarin fuskarsa ya zubo, yawu yana bin gemunsa. Hajiya tana gefe da kofi da cokali. Kafin in gama gaisuwa Manaja ya faɗo ɗakin da mai sarƙar a bayansa, yana cewa a fitar da matar nan. Hajiya ta ce ba a fitar da kowa a gaban mijinta.

Na durƙusa kusa da katifar. Na ce masa Alhaji ni ce, mai gidan burodi. Idonsa mai kyau ya tsaya a kaina, ya ga gurbin haƙorin. Na ce ka yafe min, yau sai ka kira abin nan da sunansa, don ɗanka ya ce na ci amana, kasuwa ta rufe min ƙofa. Fulawar da kake aiko min, mece ce?

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Kalmar da ya rantse ba zai sake haɗa hanya da ita ba, ga ta a maƙogwaronsa ta ƙi fita. Da ƙyar ta fito a rabe, “Ba… shi.”

Manaja ya yi tsalle. “Kun ji ko? Ya ce ba shi. Ki ba ni kayan ubana.”

Na ji kamar in raba kansa biyu da shebur. Amma na ajiye shi. Na kwance ƙyallen daga ƙuguna, na gyara murya irin yadda nake yi a ƙofar shago.

“Alhaji, ɓera ya ci ajiyarka.”

Hannunsa mai lafiya ya motsa a kan bargo. Ya juya shi, ya buɗe tafin, ya kawar da kai gefe yadda ya saba, ba ya kallona. Wannan maganar ba ta yi masa gardama ba, ta bi hanyar da ta saba bi.

“A biya… wa ɓera.”

Na ɗora masa ƙullin a tafi. Hajiya ta ajiye kofi ta dubi ɗanta. Ta ce masa da ya tambaye ta da ta gaya masa, rabin garin nan ɓerayen ubansa ne, da kuɗin ɓera aka biya masa makaranta, da shi aka sai masa motar da yake hawa. Ta ce ubansa ya yi rantsuwa cikin fushi, ya rasa yadda zai yi da ita, ya kuma rasa yadda zai sayar da fulawa ga mutanen da ba su da kuɗi sai sun gasa.

Na kira Dogo. Na kwance bandejin da kaina a gaban tsohon. Alhaji ya dubi tafin, jajawur, yana ruwa. Ya dubi ɗansa. Ya yi masa alama da yatsa ya matso, kamar zai faɗa masa magana a kunne. Manaja ya sunkuya. Tsohon ya ɗaga ƙullin kuɗin nan, akwai silalla a ciki, ya kwaɗa masa a baki da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Leɓen ya fashe, jini ya ɗiga a kan bargo. Ya sake ɗagawa, Hajiya ta riƙe hannun. Mai sarƙar kuwa ban ga fitarsa ba.

Washegari motar ta tsaya a ƙofata, da injina, da sikelina, da fulawa har sama. 'Yan dakon Alhaji na gaskiya ne suka zo, suna ta sannu Iya, sannu Iya. Manaja yana gaban mota ya ƙi fitowa, leɓe a kumbure. Babban 'yan dakon ya sa kafaɗa zai sauke buhu, na ce ya ajiye. Na zauna a kan dakali na gicciya shebur a cinya. Na ce ba buhun da zai shiga gidan nan sai wanda ya hau dakalin nan ya yi magana ya dawo ya kwashe maganarsa. Fulawa ba ta da amfani a wajena in gobe ubansa ya cika, ya sake yanke min, kasuwa kuma tana min kallon ɓarauniya.

Rana ta yi zafi. Unguwa ta taru kamar wancan karon, har da masu shayi, har da mai gidan burodin nan da ya yi ta gyara takalmi a wajen shugabannin kasuwa. Da Manaja ya ga ba zan tashi ba ya fito. Ya tsaya a gefen dakalin ya yi wata magana a cikin haƙora.

Na ce, “Ban ji ba, ɗan nan. Ta kunnen da yaranka suka mara kake magana.”

Ya hau dakalin. Ya ce tsohuwar nan ba ta ci amanar kowa ba, bashi ne tsakaninta da mahaifinsa, kuma ba ta taɓa saɓa biya ba. Na ce ya ƙara da cewa shi ya sa aka ƙona hannun ɗana. Ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa, ya faɗa. Na ce wa jama'a to kun ji, ranar da alƙali ya kira ku kada wanda ya ce min yana gyaran takalmi.

Sannan na ce a sauke.

Injin da suka dawo da shi sun karya masa wani haƙori a ciki, yana juyi yana ƙara kamar zai yi amai. Dogo yana zaune a bakin tanda yana nuna wa sabon ma'aikaci yadda ake juya gwangwani, da hannun hagu. Manaja ya aiko a tambaye ni ko nawa zan karɓa a bar maganar kotu. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya gaya masa, fulawa na karɓa kuma zan biya ƙarshen mako kamar kullum. Hannu kuwa ba ajiya ba ne, ɓera bai ci ba, mun san wanda ya ci.